Akwatin Takardun Malam Ja'afaru

"Ba haka ba, Baƙo. Kife ta."

Na kife ƙwaryar a kan gwiwata. Malam Ja'afaru ya yunƙura daga kan katifa da ƙyar, ya ɗauko ɗan katakon nan nasa mai faɗin tafin hannu, ya ɗora a bayan ƙwaryar. Hannunsa rawa yake yi, katakon na ta ƙwanƙwasar ƙwaryar. Na ce masa ya bari sai ya ji sauƙi, ai ƙwarya ba guduwa za ta yi ba. Ya ɗago ya harare ni da idanun da ciwon shawara ya mayar ruwan ɗorawa.

Ni gyartai ne. Ɗinkin fasasshiyar ƙwarya na gada, shi nake yi har roba da kwanon silba suka zo suka kashe mana kasuwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Malam Ja'afaru a Gwarzo, shekara goma sha tara. Shi malamin lissafi ne a sakandare har ya ajiye aiki, ni kuwa ko sunana ban iya rubutawa ba. Mutanen unguwa sun daɗe suna mamakin abin da ya haɗa mu, har akwai masu cewa gulma muke yi. Ƙwarya ce ta haɗa mu. Ni kaina na fi shekara biyu ina yi masa kallon mai taɓin hankali kafin na gane abin da yake nema a jikinta.

"Nan santsi ne," in ji shi, yana danna katakon. "Ka ga zama ɗaya ya yi, ba shi da wani. To matsar da shi kan ɗinkinka."

Na matsar. A kan ɗinkin, inda ɓari biyu suka haɗu suka yi ɗan tudu mai kaifi, katakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. In na danna dama ya kwanta dama, in na danna hagu ya kwanta hagu. Malam ya yi murmushi kamar yau ya fara gani, alhali ya nuna mini wannan abu ya fi sau ɗari.

Ga abin da na fahimta a tsawon shekarun nan, gwargwadon kan gyartai. A lissafinsu akwai wasu siffofi masu kama da ƙwarya, waɗanda ba su da loɓawa ko ɗaya. Duk wuri biyu da ka zaɓa a cikinsu ka ja zare, zaren ta cikin kwarmin zai bi, ba zai huda jiki ba. Irin waɗannan siffofi kusan ko'ina a jikinsu santsi ne, katako zama ɗaya yake yi. Wuraren da yake lilo kuwa, komai yawansu, ba sa cin fili, sai dai su miƙe sirara kamar ɗinki ko su tsaya a tsini guda. Wannan an daɗe da sani, in ji shi. Abin da ya dame shi shi ne a juyo da tambayar: in wani ya fara zana ɗinkunan yadda ya ga dama, yaushe ne za a samu ƙwaryar da tudunta yake daidai nan, ba ƙari ba ragi? Na taɓa ce masa ya ba ni ƙwarya da taɓarya in fasa masa ita duk inda yake so. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai shi ya sa yake zama da ni.

Tun yana jami'a ya fara wannan aiki. Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aka yanke musu tallafin karatu, mahaifinsu kuma ya rasu, ya tattara ya dawo gida ya kama alli. Waɗanda suka yanke tallafin 'ya'yansu na ƙasashen waje, wannan kowa ya sani, amma ban taɓa jin Malam ya zage su ba, ni nake zagar masa. Bai daina aikin ba. Da takarda ta yi tsada, sai ya koma rubutu a bayan tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibai, da bayan kalanda, har da takardar buhun siminti da yake yankawa da almakashi ya miƙar da ita da dutsen guga. Kowace takarda, komai ƙanƙantarta, sai ya rubuta bisimilla da Larabci a samanta kafin ya fara. Akwatin ƙarfe guda mai koren fenti ya cika, har ba ya rufuwa sai an hau kansa.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne ciwon ya kwantar da shi. Ranar da nake ba ku labari, da ya gaji da wasa da katakon, ya koma ya jingina, ya nuna akwatin da haɓa.

"Shekaranjiya na gama, Baƙo. Na samu amsar. Tana nan a takardun sama. Ka ɗauki akwatin nan gaba ɗaya ka kai wa Asta a Kabo."

Asta ɗalibarsa ce ta da. Tana koyar da lissafi a wata makaranta a Kabo, tana kuma ƙarin karatu a jami'a. Ita kaɗai ce a duk ƙasar nan tamu za ta iya karanta rubutunsa, ta tsara shi, ta kai wa manyan malamai su duba. Amma ta haihu bai fi kwana goma ba, tana jego, ba za ta fita ba sai ta yi arba'in.

A nan na yi abin da har yau nake tsine wa kaina a kai. Mu a nan ba a fitar da kayan mutum daga ɗakinsa yana kwance ba lafiya. In aka gan ni na fito daga gidan da akwati a ka, ɗayan biyu za a ce: ko na riga na binne shi a zuciyata, ko ina rigan magada. Na ce masa Allah zai tashi kafaɗunsa, shi da kansa zai kai mata, su zauna ya yi mata bayani. Na kawo maganar wahalar fetur, na ce motocin Kabo sai mutum ya yini a tasha bai samu ba. Duk gaskiya ne, kuma duk kame-kame ne. Bakin mutane nake tsoro.

"Na san jikina," in ji shi. "Ka ɗauka yau."

Matarsa Uwaliya ta shigo da kunu a daidai lokacin. Ta ji abin da ya ce, ta ajiye kofin da ƙarfi, ta ce don Allah ya daina irin wannan magana, yana karya mata zuciya. Na samu abin da nake nema. Na ce masa jibi kasuwar Getso, in na dawo, washegari da sassafe zan kai akwatin ko da a kan keke ne. Ya juya fuska ga bango, na ɗauki ƙwaryata na fita ina jin kamar na yi dabara.

Ranar kasuwar na dawo bayan la'asar, ƙafafuna duk taɓo, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Da hantsi ya cika, bayan azahar aka kai shi. Ko sallar gawarsa ban samu ba. Shekara goma sha tara, ina can ina cinikin ludayi da wata tsohuwa aka rufe shi.

Yayansa, Malam Ashiru, shi ya zo daga Lakwaya ya karɓi zaman makoki. Malamin Islamiyya ne, dattijo mai farin gemu, kuma ban taɓa kama shi da ƙarya ko cin haƙƙin wani ba. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai, domin da mugu ne da na san yadda zan yi da fushina. Washegari na ja shi gefe na gaya masa wasiyyar. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ko allura ba za ta fita daga gidan mamaci ba sai an zauna an ji daga bakin Uwaliya, ita kuwa yanzu ta shiga takaba, ko magana ba ta iya yi. Ya ce in bari a yi bakwai. Ban ga abin musu ba. Na je tasha na ba wani direba saƙo ya kai wa Asta, cewa Malam ya rasu kuma ya bar mata akwati.

Ranar uku aka yi sadaka. Ƙanwar Uwaliya, Yelwa, ta zo daga garin Jama'a, ita ta kama suyar ƙosai da waina tun da safe. Ledar da aka sayo ta ƙare, mutane kuma ba su daina zuwa ba. Ta shiga ɗakin marigayi neman abin ƙunshi, ta ga akwati cike da tsofaffin takardun jarrabawa da na siminti. Ita ma ba ta yi boko ba, ba ta kuma tsaya duba sama ko ƙasa ba. Ta kwashi damƙa biyu daga sama ta fita. Ni ina waje, ban san komai ba, sai da aka fito da farantai aka fara rabawa.

Malam Ashiru ya buɗe nasa ƙunshin, ya tsaya cak. Na leƙa. Mai ya ratsa takardar ta koma kamar fata, ga zanen lanƙwasa irin na Malam, ga bisimilla a sama, ƙosai uku zaune a kanta. A kwanakin nan kowace lasifika a gari wa'azi take yi, kuma ba a fi mako ba da aka yi huɗuba a kan masu barin takarda mai sunan Allah a kwata. Dattijon ya ɗaga kai ya dubi titi. Waɗanda suka karɓi sadaka sun cinye sun yar. Takardu a cikin taɓo, wata an taka ta da takalmi, wata akuya na ja.

Ya miƙe ya shiga taɓon da fararen kayansa, yana durƙusawa yana tsinta. Na bi shi. Na ƙwace ta bakin akuyar, na bi har bakin kwata na ciro biyu, na tsayar da masu wucewa na karɓe na hannunsu. A raina ceton aikin Malam muke yi, har na ji ina ƙaunar dattijon nan. Na goge su a rigata ɗaya bayan ɗaya, na haɗa, na miƙa masa da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka mini, ya shige cikin gida.

Na koma tabarma na ci gaba da amsa gaisuwa. Wani ayari ya zo daga makarantar da marigayin ya koyar, aka yi addu'a, aka yi ta yabon haƙurinsa. Waɗansu daga cikinsu na san su, su ne masu kiransa Malam Ƙwarya a bayan idonsa. Ina zaune ina haɗiye wannan sai na ji ƙauri. Ba ƙaurin itace ba ne, ba na mai ba ne. Na ɗaga kai na ga hayaƙi fari yana tashi ta bayan katanga.

Ban yi sallama ba. Ni da a shekara goma sha tara ban taɓa wuce ɗakin Malam na zaure ba, na kutsa har tsakar gida, mata suka watse suna jan mayafai. A can bayan gida, kusa da bishiyar lemo, Malam Ashiru ya share wuri tas. Ya yi alwala, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Sabon kasko ne a gabansa, wuta na ci a ciki, akwatin a buɗe a gefensa. Yana ɗaukar takardun kaɗan-kaɗan da hannun dama, yana sawa a hankali, yana karatu ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kumatunsa. Na hangi ƙasan akwatin, tsatsa ce kawai da 'yan takardu da ba su kai goma ba.

"Malam Ashiru, me ka yi?"

"Na sauke masa nauyi," in ji shi, bai ɗago ba. "Shi ya rubuta. Duk wadda aka taka, a kabarinsa za a tambaye shi. Yau ka gani da idonka. Gobe wa zai tsare?"

"To ka yanke saman mana. Ka yanke bisimillar ka ƙona, ka ba ni sauran."

Ya ɗauki ɗaya daga cikin ragowar ya nuna mini. Ya ce in duba, ba sama kaɗai ba ne. Inda lissafi ya yi wa ƙanensa wuya ya rubuta Allah ne masani a gefe, inda ya warware ya rubuta hamdala, a tsakiyar layi, a ƙasa, ko'ina. Ya ce wa zai zauna ya tsince wannan daga takarda dubu?

"Ni," na ce.

"Kana karatu, Baƙo?"

Ba da izgili ya faɗa ba, tambaya ce kawai. Ya sa takardar a wuta. Na cusa hannu cikin kaskon, na damƙo, na fito da baƙin abu da ya marmashe a tafina. Daga nan ban san iyakar abin da na faɗa ba. Na kira shi jahili, ni da ban san alif ba. Na ce ya kashe ƙanensa karo na biyu. Na ce shekara ashirin mutum yana bautar Allah da ƙwaƙwalwarsa, shi ya zo ya gama da ita kafin waina ta huce. Na juya kan Yelwa, tana raɓe a bango tana kuka, na ce da ta ƙunsa ƙosan a ganye da hannunta ya guntule? Maza suka shigo suka riƙe ni. Dattijon ya ci gaba da aikinsa har ya gama, ya haƙa rami a gindin lemon ya binne tokar. Suna fitar da ni na ji muryar Uwaliya daga cikin ɗaki tana cewa ta ji wasiyyar, wallahi ta ji, a gabanta ya faɗa. A lokacin ta samu bakin magana.

Kwana biyu ban fita ba. Yatsuna uku sun tashi, matata ta shafa mini man shanu ta ɗaure da tsumma. Mai unguwa ya aiko a ce in je in ba Malam Ashiru haƙuri, na ce a gaya masa ban mutu ba tukuna. Na yi fushi da dattijon, na yi da Yelwa, na yi da masu huɗubar da suka iya tsoratar da mutane amma ba su iya gaya musu a tambaya kafin a kunna ashana ba. Amma duk inda na kai fushin sai ya dawo ya same ni a zaurena. Mutum ya ce mini ka ɗauka yau. Akwatin bai fi nauyin buhun gero rabi ba, kuma ina da keke.

Rana ta biyar da rasuwar, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofar gida. Asta ce, mijinta ya ɗauko ta, jaririya a bayanta, ko kwana ashirin ba ta yi da haihuwa ba. Na ji daga baya cewa sai da ta yi faɗa da surukarta kafin ta fito. Ta shiga ta yi wa Uwaliya ta'aziyya, can aka gaya mata. Da ta fito ba ta nufi babur ba, ta yi sallama a zaurena. Na shimfiɗa mata tabarma. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi hannuna, na tambayi jego, duk muna kewaye-kewaye. Idonta a bushe yake, amma muryarta ba irin wadda na sani ba ce.

Ta buɗe jaka ta fito da sabon littafin rubutu da biro. Ta ce Malam ya taɓa gaya mata babu wanda ya fi ni jin maganarsa a kan aikin nan. Ta ce in daure in faɗa mata duk abin da na riƙe, ko da kalma ɗaya ce, ko da na ga kamar shirme ce, musamman abin da ya faɗa a makonnin ƙarshe.

Na fara. Na gaya mata maganar zare da kwarmi, na gaya mata cewa wuraren lilo ba sa cin fili. Na gaya mata tambayar da ya juyo da ita. Tana rubutawa da sauri, tana gyaɗa kai. Na tuna wata rana ya ce in ɗinki biyu suka haɗu akwai yadda dole su haɗu, ba kowace haɗuwa ƙwarya ke yarda da ita ba. Ta ɗago da sauri ta ce wace iri ce take yarda da ita? Na ce ya zana mini a ƙasa da tsinke, amma a lokacin hankalina na kan wata mata da ta kawo gyara. Ta ce ba komai, in ci gaba.

"Wannan duka farkon ne, Baba," in ji ta a hankali. "Da ya ce ya gama, me ya ce amsar?"

"Ya ce tana takardun sama."

Ta jira. Mijinta na tsaye a waje jikin babur yana duban hadarin da ke haɗuwa ta gabas. Jaririyar ta motsa, ta kai hannun hagu baya ta ɗan jijjiga ta har ta koma barci. Rubutun bai kai rabin shafi ba. Ta gyara littafin a kan cinyarta, ta sa bakin biron a farkon sabon layi, ta dube ni.